Kullum sai ya tuba ya koma: me ya sa barin giya ke da wuya haka?

Babbar Yaya:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani a taimaka min da bayani. Ina da ƙane, shekararsa 36, da mata da 'ya'ya uku, yana sayar da kayan gyaran mota. Ya daɗe yana shan giya a ɓoye, yanzu abin ya fito fili a gida. Matarsa ta ce a rana yakan sha manyan kwalabe huɗu zuwa biyar, wani lokaci ya ɗora da irin ta leda. Da safe hannunsa na rawa har sai ya fita ya dawo. Ba taurin kai yake mana ba. Shi da bakinsa yake rantsuwa ya bari, kuma yakan bari ɗin, don azumin bara bai sha ba har bayan Salla. Amma da zarar wani abu ya taso, bashi ne, rigima da abokin ciniki ce, ko rashin lafiyar yaro, sai ya koma, kuma kowace komawa ta fi ta baya muni. Yanzu wasu a dangi sun ce a kulle shi a ɗaki mako guda, wasu sun ce gidan mari. Ni dai so nake in gane abu biyu. Me ya sa mutum da hankalinsa, yana so ya bari, amma ya kasa? Kuma me ya haɗa damuwa da komawar, tunda kowa ma da tasa damuwar yake kwana?

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka da alheri da kika tsaya tambaya kafin a yanke hukunci. Zan fara da abin da ya fi gaggawa: kada a kulle shi a ɗaki, kada kuma a kai shi inda babu likita. Mutumin da hannunsa ke rawa da safe har sai ya kurɓa, jikinsa ya riga ya dogara da barasa, kuma yanke masa ita farat ɗaya ba tare da magani ba na iya jawo farfaɗiya, har da rasa rai. Giya na cikin 'yan tsirarun kayan maye da barinsu kwatsam ke iya kisa.

Ga yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa tana tafiya ne da birki da totur. Birkin wani sinadari ne da ake kira GABA, shi ke kwantar da jijiyoyi. Totur ɗin kuma gulutamet, shi ke zaburar da su. Barasa tana danna birki tana sassauta totur, shi ya sa mai sha ke jin jikinsa ya saki, damuwarsa ta lafa. Idan aka yi shekaru ana yin haka kullum, sai ƙwaƙwalwa ta gyara zama don ta ci gaba da aiki: ta rage ƙarfin birkinta, ta ƙara totur. A nan ne kwalba biyun da ke bugar da shi a da take daina yi masa komai, sai biyar. Ranar da aka janye giyar, abin da ya rage masa shi ne birki mara ƙarfi da totur a danne, kuma jiki na buƙatar kwanaki kafin ya daidaita.

Alamomin suna zuwa ne bi da bi, ana ƙirgawa daga kurɓar ƙarshe. Daga awa 6 zuwa 24 akwai karkarwa, gumi, tashin zuciya, bugun zuciya da sauri, fargaba da rashin barci. Farfaɗiya, ga wanda za ta zo wa, yawanci cikin kwana biyun farko take zuwa. Mafi haɗari shi ne tsakanin awa 48 zuwa 96, wato bayan kwana biyu zuwa huɗu, lokacin da wasu ke ruɗewa gaba ɗaya: zazzaɓi, sambatu, rashin sanin inda suke, ganin ƙwari ko macizai a bango. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin bugun aljanu, a zauna ana ta hayaƙi, alhali mutum gadon asibiti yake buƙata a daren.

Kada tsallake azumin bara lafiya ya ruɗe ku. Duk lokacin da mutum ya bari ya koma, ya sake bari, janyewar ta gaba takan fi ta baya tsanani, saboda jijiyoyin sun ƙara saurin zabura. Wanda ya tsira da karkarwa kawai bara yana iya faɗuwa da farfaɗiya bana.

Sai lissafin abin da yake sha, domin da shi likita zai yi aiki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, awo ɗaya shi ne giram 10 na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai mil 600, mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, tana ɗauke da kusan giram 24, wato awo biyu da rabi. Kwalba biyar sun kai giram 120 ke nan. Ita kuma mai zafin nan ta leda, idan ƙarfinta kashi 40 ne, duk mil 30 kusan awo ɗaya ne. Hanta ba ta iya narkar da abin da ya wuce kusan awo ɗaya a awa, don haka mai shan awo goma sha biyu zuwa sha biyar da dare, gari na wayewa ne daidai lokacin da barasar ke ƙarewa a jininsa. Rawar hannun da kike gani da safe ita ce farkon janyewar, kullum yana shiga cikinta yana fita. A nan sai ya faɗi gaskiyar adadin, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ya ce biyu alhali biyar ne, za a ba shi maganin da bai kai ba.

A asibiti abin da ake yi ba shi da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Za a yi masa tambayoyi, a auna hawan jini da bugun zuciya, a gwada jini don ganin hanta, ƙoda, sukari da gishirin jiki. Za a ba shi magani irin su dayazefam, wanda ke riƙe masa birkin da giya ke riƙewa, a riƙa rage shi kullum har a tsayar cikin kwana biyar zuwa goma. Za a ba shi bitamin B1, domin masu shan giya sosai jikinsu na ƙarancinsa, kuma rashinsa na lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa riƙe sabon abu a kansa. Idan za a yi masa ƙarin ruwa mai sukari, bitamin ɗin ake haɗawa da shi ko a fara ba shi. Wanda ya taɓa farfaɗiya, ko ya taɓa ruɗewa, ko yake haɗa giya da ƙwayoyi, ko yake da ciwon hanta, kwantar da shi ake yi. Wanda nasa bai kai haka ba yana iya yi daga gida yana zuwa ana duba shi kullum, muddin akwai babba mai hankali tare da shi dare da rana.

Wuraren zuwa akwai su: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, asibitin Dawanau a Kano, da sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Maganar gidan mari kuwa, duk mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga Rigasa a 2019, mutane ɗaruruwa da sarƙa a ƙafa. Ko a ce gidan na kirki ne, ba su da abin da za su tsayar da farfaɗiya da shi.

Amma fa ki sani, Hajiya, wannan makon na farko shi ne mai sauƙin. Ƙaninki ya riga ya nuna yana iya bari. Zama a kan barin ne ke gagararsa, kuma a nan ne tambayarki ta biyu ta shigo.

Babbar Yaya:

Na gode, Likita, Allah ya ƙara basira. Wallahi saura kaɗan a kulle shi ranar Asabar. Na manta ban faɗa ba, matarsa ta ce yakan sha tiramadol idan zai yi doguwar tafiya ɗauko kaya. Kuma duk sanda ya bari, babban kukansa shi ne ba ya barci, ga saurin fushi, ƙaramin abu sai ya hau yara da faɗa.

Mai Ba Mashaya Shawara:

Yaya, wannan rashin barci da saurin fushin da kika faɗa, su ne amsar tambayarki. Kin ce kowa da damuwarsa, gaskiya ne. Amma nauyin da bashin dubu ɗari ke yi miki ba shi yake yi wa wanda ya bar giya wata guda da ya wuce ba.

Jikin ɗan Adam yana da tsarin da ke tashi idan an shiga matsi: ƙwaƙwalwa ta aika saƙo, a saki sinadarai irin su kotisol, zuciya ta ƙara gudu, jiki ya ɗaure. Idan matsin ya wuce, sai tsarin ya kwanta da kansa. Shekarun shan giya suna lalata wannan kwanciyar. Masanin nan George Koob, wanda ya fara shugabantar cibiyar binciken barasa ta gwamnatin Amurka a 2014, ya shafe shekaru yana nuna cewa a jikin wanda ya kamu, ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da ƙunci yana zama a kunne ko da babu abin tsoro, shi kuma ɓangaren jin daɗi ya dusashe. Abinci ba daɗi, hira ba daɗi, wasa da yara ba daɗi. Da farko mutum yana sha ne don ya ji daɗi. Daga baya yana sha ne don ya daina jin ƙunci, kuma ƙuncin giyar ce ta haifar da shi. Wannan halin ba ya ƙarewa da makon asibiti, yakan ɗauki makonni, ga wasu watanni, kafin ya lafa. Shi ya sa mafi yawan masu komawa a watanni ukun farko suke komawa.

Akwai kuma abu na biyu. Goshin ƙwaƙwalwa, inda ake auna abu a ce a'a, shi ne ke fara rauni idan mutum ya shiga matsi, ko ya kwana biyu bai yi barci ba. Idan ya raunana, sabo ne ke karɓar ragama, kuma sabon ƙaninki na shekaru shi ne rai ya ɓaci, a nufi inda aka saba. Rantsuwar da ya yi da safe gaskiya ce har zuciyarsa. Matsalar ita ce ɓangaren da ya yi rantsuwar ba shi ne ke kan aiki da ƙarfe bakwai na yamma bayan mai bin bashi ya ci masa mutunci a gaban shago ba. Rajita Sinha ta Jami'ar Yale ta gwada wannan: ana sa masu jinya su saurari labarin wani tashin hankali da ya taɓa samunsu, a auna yadda sha'awar giya ta taso musu, kuma waɗanda tasu ta fi tashi su ne suka fi saurin komawa bayan sallama. Tun kafin ita, Alan Marlatt na Jami'ar Washington ya tambayi waɗanda suka koma me ya faru a ranar. Fiye da rabi sun ce ɓacin rai ko rigima da wani, sama da kashi 20 cikin ɗari kuma matsin abokai.

Don haka shirin da za ku yi ba na ranar da yake cikin nishaɗi ba ne, na ranar da komai ya dagule ne, kuma tun yanzu ake yin sa, a rubuce. Ku zauna da shi da safe, lokacin da yake garau, ya tuno komawarsa uku na baya-bayan nan. Kowace a bi ta da baya: wace rana, ƙarfe nawa, a ina, da wa, nawa ne a aljihunsa, ya ci abinci ko bai ci ba, me ya faru awa uku kafin nan. Za ku ga abu ɗaya ke maimaita kansa. Ga masu sana'a yawanci tsakanin rufe shago da isa gida ne, da cinikin ranar a aljihu da yunwa a ciki.

Idan an gano wurin, sai a toshe shi da abu takamaimai. Kuɗin ciniki su shiga banki ko hannun amintacce kafin a rufe shago, ya tashi da kuɗin mota kawai. Ya sauya hanyar komawa gida ko da ta fi nisa. Lambobin abokan shan su fita daga wayarsa. A sami mutum ɗaya, ba goma ba, wanda zai kira ko ƙarfe biyun dare ne, wanda kuma ba zai yi masa wa'azi a lokacin ba. Ya haddace jimla ɗaya da zai faɗa idan an miƙo masa, gajeriya, misali “likita ya hana ni, ina kan magani”, ya faɗa ya tashi, domin wanda ya tsaya bayani ya kusa zama.

Sha'awar kanta ba ta dawwama. Takan taso, ta kai ƙololuwa, ta sauka, yawanci cikin minti 15 zuwa 30 idan ba a biye mata ba. Abin da ake koya wa mutum shi ne ya sayi rabin awar nan. Ya bar wurin da yake, ya ci wani abu mai nauyi, ya sha ruwa, ya yi alwala, ya kira mutumin nan nasa. Akwai kuma numfashi: ya ja iska yana ƙirga huɗu, ya sake ta a hankali yana ƙirga shida, na tsawon minti biyar. Fitar da iska a hankali tana rage gudun zuciya. Amma sai ya riƙa yi kullum bayan Asuba da bayan La'asar lokacin da babu abin da ke damunsa, in ba haka ba ranar buƙata ba zai tuna ba.

Barci kuwa ku ɗauke shi da muhimmanci ƙwarai, domin rashinsa na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane. Giya tana sa mutum ya faɗi da wuri amma tana farfasa barcin rabin dare na biyu, kuma bayan an bari sai an yi haƙuri kafin ya gyaru. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba. Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari su tsaya daga Azahar. Barcin rana kada ya wuce rabin awa. Tafiyar ƙafa ta minti talatin kullum tana taimakon barcin da fushin duka. Idan ya kwanta ya kai minti ashirin bai yi barci ba, ya tashi ya zauna a wuri mara haske sosai har sai ya ji shi, kada ya kwanta yana lissafin bashi.

Shi bashin ma a taɓa shi. Ba za ku koya wa mutum numfashi ku bar shi da masu bin sa kuɗi biyar suna kiran wayarsa ba. A rubuta kowa da abin da yake bi, wani babba a gidan ya raka shi a nemi a tsara biya kaɗan-kaɗan. Bashin mai sayar da giya ne kawai ba za ku biya masa ba.

Abu na ƙarshe, wanda nake ganin dangi sun fi kuskurewa. Idan ya zame ya sha kwalba ɗaya bayan wata biyu, abin da ke mayar da ita kwali guda shi ne tunanin “ai na riga na ɓata, ni ba zan taɓa gyaruwa ba”. Gori da taron dangi suna ƙara wa wannan tunanin ƙarfi ne. Ku yi yarjejeniya tun yanzu cewa idan ya zame zai faɗa cikin awa 24, ba za a tara masa jama'a ba, za a koma wurin likita a makon, a duba wace ƙofa ce aka bari a buɗe.

Mai Kemis:

Hajiya, maganar tiramadol ɗin nan kada a ɓoye wa likita ita, tana sauya abubuwa biyu. Na farko, tiramadol da kansa yana jawo farfaɗiya, musamman manyan nan da ake sayarwa a bayan fage, to ina ga an haɗa shi da janyewar giya. Na biyu, ɗaya daga cikin magungunan da suka fi taimakawa wajen hana komawa, naltirekson, ba ya haɗuwa da tiramadol ko kodin. Idan akwai su a jiki aka sha shi, nan take mutum zai shiga mummunan hali: amai, gudawa, ciwon jiki, gumi. Sai an yi kwana 7 zuwa 10 babu su kafin a fara.

Mutane da yawa ba su san akwai magungunan da ake ci gaba da sha bayan an bar asibiti ba. Naltirekson miligiram 50 ne sau ɗaya a rana, yana rage daɗin da giya ke bayarwa da sha'awarta, kuma ana duba hanta kafin a fara. Akamfuroset yana kwantar da zaburar nan da Likita ya yi bayani, ana shan miligiram 666 sau uku a rana ga mai nauyin kilo 60 zuwa sama, shi kuma ƙoda ake dubawa. Yawanci ana ci gaba da su wata shida zuwa shekara. Ba sihiri ba ne. Wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2014 ya nuna cewa cikin kusan mutum 12 da aka ba ɗayansu, mutum ɗaya ne ke tsira daga komawar da da zai yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan an haɗa da shirin da aka zayyana a sama, amma wanda ya dogara da ƙwaya kaɗai zai ji kunya.

Magani na uku shi ne disalfiram, wanda ke sa mutum ya galabaita idan ya sha giya a kansa: fuska ta yi zafi, amai, bugun zuciya, jini ya faɗi. Don Allah kada wanda ya ba ku shawarar zuba masa shi, ko wani abu makamancinsa, a abinci a ɓoye. Mai ciwon zuciya na iya mutuwa a haka. Da saninsa da yardarsa ake ba shi, ƙarƙashin likita.

Dayazefam kuma kada a saya masa a kemis a ce ya riƙa sha don barci. Na kwanakin janyewa ne kawai. Idan ya zarce makonni, an sauya masa jaraba da wata, idan kuma ya haɗa shi da giya numfashi na iya tsayawa cikin barci. Ku lura da magungunan gargajiya na kwalba, masu ɗaci, da ake tallatawa na basir ko ƙarfin maza. Da yawansu da barasa mai ƙarfi ake jiƙa su, kuma ta nan wasu ke komawa suna ganin magani suke sha. A karanta jikin kwalbar. Idan ciwon kai ya dame shi, farasitamol kada ya wuce giram 2 a rana har sai an ga sakamakon hantarsa, su ibufurofen kuma a bar su idan yana da olsa ko ya taɓa aman jini.

Malamin Islamiyya:

Hajiya, Allah ya ba ki ladan zumunci. Likitoci sun yi nasu, ni abu ɗaya zan ƙara saboda dangin da za su ce wannan duk neman uzuri ne ga mai saɓo. Haramcin giya ba ya canjawa, shi ma ya sani, shi ya sa yake kuka. Amma neman magani ba ya soke tuba, yana cikin cikarta, domin wanda ya yi nadama da gaske zai bi duk hanyar da za ta hana shi komawa.

Ku tuna wa dangi cewa giya ba rana ɗaya aka haramta ta ba. An fara da ayar Baƙara ta 219, sai ta Nisa'i ta 43 da ta hana kusantar salla cikin maye, sannan ta Ma'ida ta 90 ta rufe ƙofar. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa an sha kawo wani sahabi saboda shan giya, da wani ya la'ance shi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa. A wurinmu, inda abin yake ɓoye saboda shari'a da kunya, mutum yakan shekara goma bai faɗa wa kowa ba, ga nauyin zunubi ga tsoron tonon asiri, wannan kansa damuwa ce da ke mayar da shi. Ku rufa masa asiri a waje, ku buɗe maganar a cikin gida. A samu wanda zai riƙa biyo masa sallar Magariba da Isha'i a jam'i, su zauna tsakaninsu, tunda an ce lokacin ne ya fi masa haɗari. Matarsa ma a duba ta, ita da yaran. Idan faɗan ya kai ga duka, su koma gidanku ko gidan iyayenta har ya daidaita, wannan ba cin amanarsa ba ne.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Da jin maganar tiramadol, Hajiya, shawarata ita ce a kwantar da shi, kada a yi a gida. Ku nemi ganin likita cikin makon nan. Kafin ranar kada ya yanke shan farat ɗaya, kada kuma ya tuƙa mota ko babur. Na san wannan maganar tana da nauyi a kunne, amma tsare rai ne na 'yan kwanaki.

Idan kafin nan ya yi jijjiga, ko ya fara ganin abin da babu, ko ya ruɗe, ko ya yi aman jini, ko idonsa ya yi rawaya, ko tafiyarsa ta zama tangaɗi alhali bai sha ba, a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a lokacin, ko tsakar dare ne. Idan ya dawo a buge ya kwanta, a juya shi ta gefe kada amai ya shaƙe shi, kada a ɗura masa komai a baki.

Ku tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, kuma idan ya ce e, a faɗa wa likita a ranar, a kawar da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga gidan. Ƙuncin da giya ke haddasawa yakan ragu sosai bayan mako uku zuwa huɗu da bari. Idan ya wuce haka bai ɗaga ba, akwai yiwuwar ciwon damuwa ne mai zaman kansa, shi ma sai an yi maganinsa daban.

Ranar zuwa asibiti ku tafi da matarsa, da kwalin duk ƙwayar da yake sha, da takardar da aka rubuta abin da ya sha a kwana bakwai na ƙarshe da lokacin da ya yi kurɓar ƙarshe.